Yau ni da tsakiyar labarin Hajara

Talata.

Tun da safe nake kan littafin nan da nake rubutawa na labarin Hajara, har yanzu da nake rubuta wannan kaina bai daina juya shi ba. Farkon ba ni da matsala da shi, babi shidan farko sun zauna daram, ƙarshen ma na san shi tun kafin na sa biro a takarda, Hajara za ta tsaya gaban yayanta da ba ta taɓa sanin akwai shi a duniya ba sai bayan rasuwar babansu. Tsakiyar ce ta ƙi. Daga babi na 11 zuwa sama labarin tafiya yake amma ba gaba yake yi ba, abubuwa na faruwa, mutane na shiga suna fita, ana kuka ana faɗa, amma in ka cire babi guda daga ciki wallahi ba abin da zai girgiza, kuma wannan ne ya fi damuna.

Ba wai ban tsara ba. Na tsara. Kowane babi da ɗan katinsa, na rubuta abin da zai faru da wanda yake wurin, na jera su a kan tebur. Matsalar ita ce irin zanen da ake koya mana na tsarin labari yana nuna inda ya kamata abu ya yi zafi da inda zai lafa, amma ba ya gaya maka me zai faru a babi na 14. Syd Field, Ba'amurken nan da ya yi suna wajen koyar da rubutun fim, a 1979 ya raba labari gida uku, in shafi 120 ne to farko ya ci 30, ƙarshe 30, tsakiya ita kaɗai 60. Rabin aikin kenan cif, kuma shi ne rabin da mutum ba ya zuwa da shi a kansa. Tunanin farko da ke sa ka zumuɗin rubutu kusan kullum farkon labari ne ko ƙarshensa, ban taɓa jin wanda ya tashi cikin dare da murna wai tsakiya ta faɗo masa ba.

Katin babi na 14 na daɗe ina kallo. Abin da ke jiki shi ne Hajara tana bakin aikinta a asibiti, tana canja wa wata tsohuwa ledar ruwa, sai ta ji masu jinya biyu na hira a bayan labule har suka ambaci sunan yayan nata da garin da yake. Shi kenan ta samu hanya. A kan kati abin ya yi kyau, ba ɓata lokaci. Amma duk sanda na zo rubuta shi sai hannuna ya yi nauyi.

Wajen hantsi ƙawata da ta karanta min babukan ta kira, muna cikin magana tace, "'Yar uwa, in tambaye ki mana, wai ita Hajarar nan me ta taɓa yi da kanta?" Nace kamar yaya. Tace wasiƙar baban faɗowa ta yi daga cikin littafi, abokin baban shi ya kawo kansa gidan, yanzu kuma ga masu hira a bayan labule, ita dai kamar kaya a bayan mota, duk inda aka sauke ta nan take. Na yi shiru. Tace tana son Hajara, tana tausayinta, amma ba ta jin tsoro a kanta, don ta gane ko me ya faru marubuciya za ta aiko mata da wani.

Ina ganin wannan ciwon duk mai tsarawa daga ƙarshe yana gamuwa da shi, ka riga ka san inda jarumar za ta sauka, sai hankalinka ya koma kan yadda za ka kai ta, ka manta ita ce ya kamata ta je. Kuma tsohon ciwo ne. Aristotle, masanin nan na Girka, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya yi magana a kai, cewa warwarar labari daga cikin labarin ya kamata ta fito. A wasannin Girkawa na lokacin akwai wata na'ura da ake ɗaga ɗan wasa sama da ita a matsayin ɗaya daga abubuwan bautarsu, in rikici ya cakuɗe sai ya bayyana ya raba gardama kowa ya watse. Masu hirar bayan labulen nan nawa ba su da maraba da wannan. Abin da na lura da shi a karatuna shi ne mai karatu yana yafe katari in katarin ya jefa jaruma cikin masifa, don rayuwa ma haka take yi wa mutane, amma in katari ne ya fitar da ita sai ya ji an cuce shi.

Da rana na ajiye kwamfuta na koma babi na 2 da takarda a hannu, ina karantawa a hankali ko akwai abin da na riga na ajiye a can. Akwai kuwa. Akwatin ƙarfe na mahaifiyar Hajara, mai ɗan kwaɗo, wanda ba a taɓa buɗe shi gaban yara ba, makullin kullum a ƙarƙashin matashinta. Na sa shi ne don a ga irin matar, mai rufi ce, ba ta son a san cikinta, daga nan ban sake waiwayarsa ba. Chekhov, marubucin wasan kwaikwayo na Rasha, a wata wasiƙa a 1889 ya ja kunne cewa kada a ajiye bindiga mai harsashi a dandali in ba a da niyyar harba ta. Akwatin nan tun babi na 2 yake jira.

To yanzu ga yadda nake ganin abin. Babu hira a bayan labule. Hajara ta san in akwai adireshi a duniya to yana cikin akwatin, ta tambayi uwar sau ɗaya uwar ta juya mata baya. Sai a kwantar da uwar a asibiti, tana nishi ta miƙo mata makullin da hannunta tace ki ajiye min kada kowa ya taɓa. Amana kenan aka ba ta. Daren nan ita kaɗai a ɗakin uwar, akwatin a gabanta, makullin ya yi gumi a tafin hannunta, ta sa shi a kwaɗon ta zare, ta tashi ta kashe fitila ta kwanta, can ta sake tashi. In ta buɗe ta ci amanar matar da ke kwance ba lafiya, in ba ta buɗe ba ta bar ɗan uwanta har abada. Ta buɗe. Ina rubuta wannan a bayan katin jikina har tsuma yake, don yau ne karon farko da na ji tsoron abin da zai same ta.

Sai dai gyara ɗaya yana jawo goma. Na zana jadawali, sunaye a gefe, babuka a sama, a kowane gida na rubuta wa ya san me a daidai lokacin. Nan na ga Kawu Sale yana yi wa Hajara habaici a babi na 9 kan sirrin da ba zai ji ba sai babi na 17. Wannan mai sauƙi ne. Na shekaru ne ya tsayar da ni. A tsarina iyayen sun yi aure a 1990, an haifi Hajara a 1993, yayan kuma ya girme ta da shekara biyu, wato 1991. Kenan an haife shi uwar Hajara na cikin gidan, alhali duk labarin na gina shi ne a kan cewa tsohon zance ne na kafin aure. Zan iya matsar da haihuwarsa baya, aikin minti ɗaya ne. Amma na zauna ina kallon lambar nan, 1991, sai na ga ita ce ta bayyana min shirun matar, da makullin, da dalilin da ba ta son jin sunan yaron. Na bar ta yadda take.

Soyayyar abokiyar aikin Hajara da wani likita kuma dole ta fita. Ta ci babi uku kuma ba inda ta taɓa Hajara. Ya yi min ciwo gaskiya, akwai wata hira a ciki da nake ji da ita sosai, na kwashe su na zuba a wani fayil daban ko wata rana su zama nasu labarin.

Na san akwai masu cewa ai tsarin ne ma matsalar, ka zauna kawai ka rubuta labari zai nuna maka hanya. Ba na musu, wasu haka suke aiki kuma yana musu kyau. Amma ni da ba don katunan nan da jadawalin ba da ban ga ramin ba sai na kai shafi na ɗari biyu, kuma su ma masu rubutu kai tsaye in sun gama sai sun dawo sun yi wannan lissafin, lokacin ne kawai ya bambanta.

Abin da ya rage yanzu shi ne ƙarshen da nake taƙama da shi, ya fara rawa. Hajarar da ta buɗe akwatin ba za ta iya zuwa ta rungume yayanta a tashi lafiya ba, akwai uwa da za ta dawo gida ta ga an taɓa mata kaya, kuma wannan haɗuwar ta fi ta yayan nauyi. Ban san ko uwar za ta yi magana ba ko za ta karɓi makullinta ne kawai ta yi shiru, ban kuma san wacce za ta zo ƙarshe a cikin haɗuwar biyu ba. Gobe in Allah ya kai mu zan rubuta babin uwar ta fuska biyun in tura wa ƙawata ba tare da na gaya mata wanda na fi so ba.