Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Kwana Uku Kacal

Makon jiya mun tsaya a inda sunana ya fito cikin waɗanda aka kira sansanin tantance 'yan ƙwallon kwando na rukunin shekara 18. A 2018 ke nan. Mun fi mu talatin, 12 kuma za a ɗauka, domin iyakar abin da FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta yarda ƙasa ta kai gasa ke nan.

Kwana tara ina cin karena babu babbaka. Tun rana ta huɗu koci ya fara sa ni cikin biyar ɗin da ke fara wasa, har sauran yaran sansanin suka fara yi mini kallon hadarin kaji. A rana ta goma aka ce kowa ya kawo fasfo. Da yamma muna tsakiyar atisaye sai mai kula da takardu ya leƙo, ya ce, "Wane ne ɗan 29 ga Disamba?" Na ɗaga hannu ina murmushi, a zatona wani abin alheri ne.

Ni dai abin da na sani shekarata 18, kuma abin da kulob ɗinmu ya rubuta ke nan. Ashe FIBA ba ta tambayar shekarunka nawa ranar wasa. Shekarar haihuwa take dubawa. Gasar wannan shekara ta waɗanda aka haifa ne daga 1 ga Janairu 2000 zuwa gaba. Ni kuwa na zo duniya ranar 29 ga Disamba 1999. Kwana uku. Yaron da muke ɗaki ɗaya da shi ɗan 9 ga Janairu ne, kwana goma sha ɗaya na ba shi, amma a takarda shi yaro ne, ni kuwa na tsufa.

Abin da ya fi ci mini rai sai daga baya na gane shi. Gasar 'yan 18 ta Afirka duk bayan shekara biyu take zuwa. Ta 2016 ta same ni ina ɗan 16, siriri kamar sillen kara, ko ƙwallon ban iya riƙewa da hannun hagu ba. Ta 2018 ta zo na yi ƙwari, ta ce na wuce. Ɗan Janairu yana shiga rukuninsa a matsayin babba, da ƙashi da tsoka na kusan shekara guda fiye da ɗan Disamba. Ba na cewa dokar zalunci ce. Dole a ja layi a wani wuri, in ba haka ba sai magidanta su riƙa tattake yara. Amma wanda layin ya bi ta kan ƙafarsa shi ya san zafinsa.

A daren wani mutum ya same ni a bakin masauki. Ba ma'aikacin sansanin ba ne, irin masu shawagi a gefen fili ne, kowa ya san fuskarsu, ba wanda ya san aikinsu. Ya ce, "Ƙanena, kwana uku ai ba matsala ba ce. Mahaifinka kawai zai sa hannu cewa kuskure aka yi, sauran ka bar mini." Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin maganar. Har lissafi na yi a raina: wasu shekara biyu suke yankewa, wasu uku, ni da kwana uku kawai nake nema, wa na cuta?

Na kira Baba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ranar da aka haife ka ina tsaye a bakin ƙofa tun dare har gari ya waye. Yanzu so kake in je in rantse cewa ba ranar ba ce?" Na ce, "Baba, kwana uku ne fa." Ya ce, "To gurbin wa za ka shiga? Shi wancan yaron ba shi da uba?" Ya kashe waya. Na yi wata biyu ba na iya haɗa ido da shi, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Washegari da na je sallama, koci ya zaunar da ni a kan benci. Mutum ne marar yawan magana, amma ran nan ya yi ta. Ya ce ƙofar yara ce kaɗai ta rufe, ta manya ba ta da mai gadi. A ƙwallon ƙafa, gasar Olamfik ta maza ta 'yan ƙasa da 23 ce tun 1992; a kwando babu wannan. Tun da FIBA ta buɗe wa ƙwararrun NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, hanya a 1989, har Amurka ta kwaso su Michael Jordan da Magic Johnson zuwa Basalona a 1992, abin da ake tambaya shi ne ko ka iya. Ya kawo mini Ricky Rubio na Sifen, wanda ya buga wasan ƙarshe a Beijin a 2008 yana ɗan 17. Da yau muke zancen, da ya ƙara da LeBron James da ya ci zinare a Faris a 2024 yana da 39, da Diana Taurasi da ta ɗauki nata na shida tana da 42.

Sai ya yi dariya, ya ce, "Ka san akwai doka ɗaya da take ƙaunarka? NBA tun 2006 ba ta ɗaukar yaro sai a shekarar da zai cika 19. Ita ma shekara take ƙirgawa. Kai bana za ka cika, abokin ɗakinka sai baɗi. Ka riga shi da shekara guda." Na san zolaya ce, ni da NBA ai kamar sama da ƙasa. Amma karo na farko ke nan da na yi dariya tun da aka kira sunana.

Mali ce ta ɗauki kofin 'yan 18 na Afirka na 2018 a Bamako. A 2019 tawagarta ta je gasar duniya ta 'yan 19 a Heraklion ta ƙasar Girka, ta kai har wasan ƙarshe, Amurka ta doke ta 93 da 79. A waya na kalla, ni kaɗai, na rufe ƙofa. Ina yi musu murna, hawaye na zuba. Sa'o'ina ne waɗannan. Kuma na san gefen filin cike yake da masu farautar 'yan wasa daga jami'o'in Amurka da kulob-kulob na Turai, kowa da littafinsa. Abin da ke kai mutane ga yanke shekaru ke nan: kofin ba shi ne abin nema ba, idanun da ke gefen fili ake nema.

Amma na yi gaba da yawa. Mu koma kan bencin nan. Kafin in tashi, koci ya ce akwai wani abu. FIBA ta hana a ɗauki yaro daga ƙasarsa zuwa kulob ɗin wata ƙasa kafin ya cika 18, sai da dalili na musamman. Rabin yaran sansanin ko an so su sai sun jira. Ni na riga na tsallake. Ya yagi gefen takardar atisaye, ya rubuta wata lamba mai tsawo da ban taɓa ganin irin farkonta ba, ya ce, "Kada ka kira sai ka gaya wa mahaifinka."

Ban gaya masa ba. Yadda na kira lambar, da abin da ya biyo baya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.