Godiya Bayan Sake Buɗe Masallacinmu

Alhamdu lillahi. Jiya mun yi sallar Juma'a a cikin masallacinmu, karo na farko tun daren da iska ta kwashe kwanon ta kayar da bangon gabas. Jikina duk ciwo yake, murya ta dishe, amma zuciyata ba za ta bar ni in kwanta ban yi godiya ba. Abin da aka sha kun sani, ba sai na maimaita ba.

Wanda ya ga masallacin zai ce ai ɗan ƙaramin gini ne. Haka ne, mu Musulmin ƙauyen nan ba mu da yawa. 'Yan mishan sun iso Kaltungo tun 1917, shi ya sa yawancin maƙwabtanmu a ƙasar Tangale Kiristoci ne 'yan cocin ECWA. Kakanninmu mahauta ne da teloli da 'yan koli, neman abinci ya kawo su. Da farko duwatsu suka jera a ƙasa suna salla a ciki, daga baya aka kewaye da zana. Ginin laka da azara ya zo ana Jihar Arewa maso Gabas, kafin a yanke Bauchi a 1976. Kwano kuwa sai bayan mun samu Gombe a 1996. Filin kansa wani dattijo ɗan Tangale, Kirista, ya ba kakana kyauta, ba takarda, ba ko sisi.

'Yar wannan dattijo tana nan da rai, ta tsufa, gidanta na jikin katangarmu, kowa Mama yake ce mata. A daren, da na iso a guje da tocila, ita na tarar tsaye cikin ruwa, ta ja tampol ta lulluɓe akwatin Alƙur'anai da allunan yara, ta danne gefe da ƙafa don kada iska ta ɗauke. Jikinta na rawa ta ce min, "Ɗana, ban taɓa ba. Na san ba a taɓawa sai da alwala, rufewa kawai na yi." Wallahi na kasa ce mata komai. Sai daga baya jikanta ya gaya mana tampol ɗin daga kan buhunan masararta ta yaye shi, kuma masarar ta jiƙe, rabi ta lalace. Ita ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Mama, na san za a karanta miki wannan kuma za ki yi min faɗa. Ki yi haƙuri, ba zan iya rufe shi ba. Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiya, Ya albarkaci zuri'arki.

Ba al'adarmu ba ce a tona mai alheri, amma yau zan ɗan tona. Alhajin da ya aiko simintin Ashaka ya ce kada a faɗa, to ban faɗi suna ba. Direban tifa daga Kumo, kuɗin mai kaɗai ya karɓa. Kafintanmu na Billiri ya yafe kuɗin aikin ƙarshe. Matasan coci sun yi ta jido yashi daga rafi tare da yaranmu. Iyayenmu mata sun juye adashinsu gaba ɗaya a kan katako. Malam Liman kuma, da tsufansa, ya yi ta jan mu salla a ƙarƙashin itacen maina, ko hadari ya haɗo.

Akwai 'yan uwa a birni da suka koyi Fatiha a kan tabarmar masallacin nan. Mun sa ido, mun buga waya. Wataƙila uzuri ne, Allah Ya sa haka.

Ya Allah, Ka jiƙan waɗanda suka jera duwatsun farko, Ka haskaka kabarinsu. Wanda ya ba da bulo ɗaya, Ka gina masa gida a Aljanna. Wanda ya ɗauki bokitin ruwa, Ka shayar da shi. Ka tsare mana zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ka kore duk mai son raba mu, Ka cika masallacin nan da jikokinmu. Amin.

Wurin alwala bai ƙare ba, bayan girbi za mu koma kansa in sha Allahu. Masu kujeru da tabarmin aro, gobe da hantsi yara za su kawo muku har gida.