Yadda na sa wa tsohuwar Hilux ɗina salansa mai baki biyu

Motar a-kori-kura ce, Toyota Hilux mai injin 22R, silinda huɗu, lita 2.4. Mahaifina ya yi shekaru yana jigilar hatsi da ita daga Dawanau kafin ta dawo hannuna, shi ya sa ba na iya rabuwa da ita. Da tsatsa ta cinye salansarta har hayaƙi ya fara shigo mini ta ƙarƙashin kujera, sai na ce tunda canji ya zama dole, bari in cika wani tsohon buri: baki biyu a baya, ɗaya dama ɗaya hagu.

Na shiga Ƙofar Ruwa na sayo bututu mai faɗin inci biyu da rabi, da tukunyar salansa biyu na gwanjo. Mai waldar da na kai wa dattijo ne. Ya ɗaga bututun ya leƙa cikinsa, ya ce, "Alhaji, wannan ai na babban inji ne. Naka silinda huɗu ne a jere, ta ƙofa ɗaya hayaƙinsu ke fita." Na ce, "Baba, a dai gwada." Ya raba bututun tun daga kusa da inji.

Ƙarar ta yi daɗi, ba ƙarya. Amma ranar da na ɗora buhu goma na masara na zo hawa gadar Ƙofar Nassarawa, sai na ji motar ta yi sanyi, sai da na koma giya ta biyu. Dalilin kuwa, hayaƙi a matsattsen bututu da gudu yake fita, kowane bugu yana janyo na bayansa. Da na buɗe masa manyan hanyoyi biyu, sai gudun ya mutu, ƙarfin tashi da kaya ya tafi da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na ƙasa. Na tsaya na leƙa, sai ga sabon bututun ya bi ta gefen tankin mai, tsakaninsu bai fi yatsu biyu ba, ga layin birki a kusa. Na kai tafin hannu jikin tankin na ji shi da ɗumi. Yarana a motar nan nake kai su makaranta. Washegari da sassafe na koma.

Wannan karon yadda Baba ya ce aka yi. Muka cire kan batir, muka sauke tankin kafin a kunna walda. Bututu ɗaya mai inci biyu daga inji zuwa tukunya ɗaya, sai a bayanta aka raba shi gida biyu da ƙananan bututu, aka tsallake aksul da su. Inda ya kusanci tanki aka sa faranti ya tare zafi. Maratayin da aka fara yi wa walda kai tsaye a jikin shasi har ya soma tsagewa saboda girgiza, aka sauya shi da na roba. Tayar safaya kuwa ta rasa mazauninta na ƙasa, yanzu a bodi take kwana, kuma tana cin wurin buhu guda.

Da aka gama, Baba ya toshe bakunan da tsumma, inji na aiki, ya bi kowace mahaɗa da bayan hannu yana neman inda iska ke tsira. Ya samu ɗaya a gindin rabuwar, ya sake bin ta da walda. Ranar Asabar na hau gadar nan da buhu tara, a giya ta uku.