A Chamula da Zinacantan

Cocin San Juan Chamula, a jihar Chiapas ta ƙasar Meksiko, ba shi da benci ko ɗaya. Ɗanyen ganye ne shimfiɗe a daɓe, ga kyandirori jere, turare ya turnuƙe. Na ga wata dattijuwa durƙushe, tana shafa kaza a jikin yaro mara lafiya, tana addu'a da harshen Tzotzil. An hana ɗaukar hoto, kuma na ga dacewar hakan.

A Zinacantan kuwa, wani gari da ke maƙwabtaka da Chamula, saƙa ce ta riƙe ni. Masaƙiya ta ɗaure bakin zare a ginshiƙi, ɗaya bakin a ƙugunta. In ta ja baya ya miƙe, in ta sunkuyo ya saki. Da ta faɗi kuɗin mayafin, ban iya neman ragi ba.