Doguwa Ba Ta da Hannu

Ɗalibai ne suka raɗa mata suna Doguwa, tun ranar da muka fito da ita daga kwali. Sanda ce ta ƙarfe da ta kusa kai kafaɗar babban mutum, ƙasanta taya, samanta allo mai kyamara da lasifika. Malami yana can wata ƙasa, sai fuskarsa ta fito a allon, ya riƙa tuƙa ta da maɓallan kwamfutarsa, ta bi layin gadaje, ta tsaya, ta juya. Ni na nace aka kawo ta makarantar koyon jinyar da nake koyarwa a nan Kano, kuma ni na kusa ɓata wa aji guda karatu saboda ita. Ƙannena da 'ya'yana da kuka fara koyarwa yanzu, na san wata rana za a ajiye muku irin wannan na'ura a gabanku a ce ga maganin ƙarancin malamai ya zo. Ina so ku ji yadda tawa ta kaya kafin ranar ta zo.

Ba son ƙyale-ƙyale ne ya kai ni ba, matsuwa ce. Cikin ɗan lokaci malamanmu huɗu suka tafi, biyu Ingila, ɗaya Saudiyya, ɗaya ta bi mijinta Abuja. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 2024 magatakardan hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ya ce sama da nas 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Tun a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wanda ya isa ya koyar shi ake fara ɗauka. Sai nas ta yi shekaru a bakin gado, ta koma ta ƙaro karatu, sannan ta zama malama, kuma daidai wannan lokacin ne takardunta suka cika na fita waje. Lacca kana iya yi wa mutum ɗari a ɗaki ɗaya. Sa kanula kuwa, wato 'yar robar da ake sokawa a jijiya don ƙarin ruwa ko magani, ko juya majinyaci, sai 'yan kaɗan-kaɗan, malami na tsaye a kansu.

Ina cikin wannan hali na karanta cewa Amurka ma kukan da take yi ke nan, duk shekara makarantun jinyarsu na mayar da dubban masu neman gurbi da suka cancanta, babban dalili rashin malamai. Jami'ar Wright State a jihar Ohio ta gwada wani mutum-mutumi mai suna RP-7 na kamfanin InTouch Health, malami yana nesa yana koyar da ɗalibai a ɗakin gwaji, inda ake koyon aiki a kan ɗan tsanan roba. Makarantar jinya ta Jami'ar Duke ita ma ta yi aiki da irin waɗannan na'urori. Na ce to, ga shi kuwa ina da tsohuwar ɗalibata a Ingila, tana aiki a sashen masu ciwo mai tsanani, ta sha ce mini, "Malama, da akwai hanyar da zan taimaka daga nan, da na yi." Muka samo irin wannan na'ura ta hannu, aka biya kuɗin jirgi da na kwastan, aka ƙara batir da sola saboda wutarmu da kuka sani.

Kuɗin nan daga wani wuri suka fito, kuma a nan na tafka babban kuskurena. Muna da wata tsohuwar matiron da ta yi ritaya, tana zuwa mana kwana uku a mako, ana ba ta ɗan alawus. Ba ta iya kwamfuta ba, Turancinta na da ne, kuma tana da faɗa. Na zauna da shugabannin makaranta na lissafa musu cewa idan Doguwa ta fara aiki ba ma buƙatarta. Ni da kaina na je na faɗa mata, ina ta kwana-kwana. Ta saurare ni har na gama, ta naɗe mayafinta, ta ce, "Allah ya sa haka shi ya fi alheri, 'yar nan. Amma ki tambayi baƙuwar taku ko ta iya riƙe hannun yarinya." Na yi murmushi, a raina ina cewa tsufa ne.

Makonnin farko sai son barka. Ɗalibai na rububin zama gaba, Anti, kamar yadda suke kiran malamar tasu ta Ingila, tana zagaya su tana tambaya, har 'yan wasu azuzuwa suna leƙe ta taga. Ƙananan matsaloli kuwa ba su ƙirguwa. Doguwa ba ta hawa bene, ko dokin ƙofa ba ta tsallakewa, sai yara biyu sun ɗauke ta kamar kayan lefe. Intanet na ƙarewa a tsakiyar baranda, ta tsaya cak, fuskar Anti ta daskare baki buɗe. Da hunturu ya shigo ƙura ta cika tayar. A ƙarshen Oktoba kuma muka yi zaman awa guda muna jiran malama, ashe Ingila ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, mu da muka saba lokacinmu ɗaya da su tun bazara. Duk waɗannan ana gyara su, kada su tsorata ku.

Wanda bai gyaru ba na gan shi ranar koyon sa kanula. Muna da hannun roba mai jijiya a ciki. Wata yarinya mai natsuwa ta ɗaure dantse, ta goge wurin, ta ɗauko allura. Anti ta matso da Doguwa, ta sauke allon ƙasa iya saukarsa, ta ce, "Kwantar da ita kaɗan, kin miƙe ta da yawa." Kafin muryar ta ratso teku ta iso, allura ta riga ta huda jijiyar ta wuce. Aka sake, aka sake. Anti ta ce ta taɓa jijiyar ta ji yadda take dawowa ƙarƙashin yatsa. Yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Anti, yaya ake jin ta?" Shiru ya biyo baya. Na tuna yadda matiron take yi: ta kama yatsan ɗaliba ta ɗora a bayan hannunta ita kanta, ta danna, ta ce, "Kin ji wannan? To ita ce. Wancan kuwa agara ce, ki rabu da ita." Ba ta wuce minti ɗaya. Ni a ranar ina da ɗalibai fiye da talatin a ɗakin da hannu biyu kacal.

Duk da haka ban farka ba sai da aka tura su asibiti aikin koyo. Sistar da ke kula da ɗakin maza ta kira ni a waya, kuma tana jin nauyina, shi ya sa ta sassauta. Ta ce, "Malama, yaranki na bana akwai baki. Duk abin da ka tambaye su sun sani, har abin da ni ban sani ba. Amma hannunsu rawa yake." Ɗaya ta soki wani dattijo sau uku ba ta samu jijiya ba, har ɗansa ya miƙe ya ce a kira masa babba. Biyu sun kasa juya mai shanyewar ɓarin jiki ba tare da sun ja shi a kan zanin gado ba, alhali jan nan shi ke saɓule fata ya kawo gyambon kwanciya. Laifin ba nasu ba ne. An nuna musu, ba a kama hannunsu an yi da su ba.

Akwai kuma wani abin da har gobe nake jin kunyarsa. Don in nuna bajinta, na ɗauki Doguwa zuwa ɗakin mata na wani ƙaramin asibiti, na nemi izinin hukumar asibitin, na manta da masu kwance. Muna isa gadon wata tsohuwa da za a wanke wa rauni a cinya, ta ja zane ta rufe jikinta ruf, ta ce, "Wane ne a ciki yake kallona?" Na ce, "Baba, mace ce, 'yar Kano ce ma, nas ce." Ban rufe baki ba sai ga mijin Anti ya gifta ta bayanta da kofin shayi, bai ma san abin da ake yi ba. Tsohuwar ba ta ƙara cewa uffan ba, ta juya fuskarta bango. Ita ce da gaskiya. Mu da muke koya wa yara cewa a ja labule kafin a buɗe majinyaci, mu ne muka buɗe ta ga wani falo a wata ƙasa. In za ku kai kyamara kusa da mara lafiya, ku tambaye shi da harshensa, ku gaya masa wa ke kallo da inda yake zaune, ku tabbata ba a naɗar komai, kuma in ya ce a'a magana ta ƙare. Ni tun daga ranar Doguwa ba ta sake fita daga ɗakin gwaji ba.

Wata Asabar na sayi turare da turmin atamfa na nufi gidan matiron a cikin gari. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, na zo ban haƙuri." Ba ta ce ai na faɗa miki ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta ce Litinin za ta zo.

Sai da ta dawo na ga amfanin Doguwa na gaskiya. Muka tsara darasin majinyacin da jikinsa ke rikicewa: ɗan tsanan roba a gado, ɗalibai huɗu a kansa, ni ina sauya musu awon jini da bugun zuciya. Anti tana zagaye su, ta tsaya bayan wannan, ta leƙa takardar wancan, abin da waya a kan tebur ba za ta iya ba. Ita ce ta lura babu wadda ta ƙirga numfashi, duk sun rubuta lamba da ka, kuma ta nuna musu cewa saurin numfashi na cikin alamun farko da ke nuna majinyaci zai faɗi. Ta koya musu yadda ake kiran likita a faɗi halin da ake ciki a jere cikin 'yan daƙiƙu, ba kame-kame. Wannan aikinta ne na kullum, mu nan ba mu da wanda ya kai ta a kai. In ta ce a ɗaga kan gado, a sa abin iskar numfashi, matiron na nan ta gyara wa yarinya riƙo, wani lokacin har da ɗan duka a bayan hannu.

Saboda haka in aka kawo muku maganar sayen irin wannan na'ura, tambayar farko ba ta kuɗi ba ce. Ku tambaya wa zai tsaya a ɗakin. In lacca ce kawai za a yi, ku bar kuɗinku, waya da majigi sun wadatar. In gwajin aiki ne, ku fara tanadar mai hannu, ku biya shi, sannan ku nemi mai ido daga nesa. Shi ma na nesan kada ku ɗauke shi kyauta ce daga sama. Anti tana fitowa daga aikin dare na awa goma sha biyu ta zauna mana, ni kuwa har ƙara mata azuzuwa nake yi, sai da ta fara ba da uzuri na gane na wuce gona da iri. Yanzu sau biyu ne a wata, a rubuce, kuma na sa wani matashin malami yana zama a kowane darasi yana kwasar yadda take yi, don ranar da ta gaji kada mu koma gidan jiya. Wannan ya kamata in yi tun farko.

Matiron har yanzu ba ta yarda ta taɓa maɓallin komai ba. Amma ita ta kawo tsohon zane daga gida ake lulluɓe Doguwa saboda ƙura, kuma kullum in za ta tashi sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa yaran, "Ku sa wa kishiyata caji, kada gobe ta ce ni na hana ta abinci."