Laraba a Garuwa: masu gadi sun zama 'yan dako

Tun ƙarfe 9 zafi ya fara dukan kwanon asibiti a birnin Garuwa da ke Kamaru. Mutum na uku a layi wani dattijo ne mai gyambo a gefen harshe, wata biyu bai warke ba, bakin gyambon a ɗage, ƙasansa tauri. Tabar gari yake cusawa a leɓe tun yana saurayi. A ƙarƙashin muƙamuƙi ga kaluluwa kamar ƙwallon goriba, ba ta zafi, ba ta motsi. Ta ciwon haƙori takan yi zafi, ta kuma zame a ƙarƙashin yatsa.

"Likita, ba dai sankara ba ce?"

"Baba, sai nama ya je ya dawo."

Da rana aka yanki naman daga bakin gyambon, haɗe da ɗan lafiyayyen wuri, don tsakiya ruɓaɓɓe ne, ba ya nuna komai. Nan take aka tsoma shi a formalin mai kashi 10 cikin 100, wato ruwan da ke hana nama ruɓewa, ruwan ya ninka naman sau 10. In ya bushe a kan auduga, ko ya wuce awa 72 a ciki, rinin da ke bambance ƙwayoyin garkuwa sai ya ƙi kamawa yadda ya kamata.

Wata ɗaliba ta tambaya: in an ga fararen ƙwayoyin jini sun yi cincirindo a kewayen ƙari, ba alheri ba ne? Ya danganta da su wane ne. Limfosait masu alamar CD8 su ne mayaƙa, yawansu abin so ne. Makrofaj kuwa, wani nau'in fararen ƙwayoyin, masu gadi ne, amma sankarar ce ke kiransu ta juya musu hali. Waɗanda suka juya, masu alamar CD163, suna fitar da sinadarin MMP-9 mai narkar da shimfiɗar da ke riƙe fatar baki, sai ƙwayoyin sankara su sami ƙofar nutsawa. Suna kuma sakin sinadarin VEGF-C, wanda ke tsiro da sababbin magudanan ruwan jiki zuwa kaluluwar wuya. Ga ƙwayoyin Treg, wasu limfosait na daban, suna kwantar da mayaƙan, ga sinadarin PD-L1 a jikin ƙarin yana sa su saki makami. Wannan birki na PD-L1 ne magungunan pembrolizumab da nivolumab suke cirewa. Amurka ta amince da su kan sankarar kai da wuya a 2016, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba.

A nan abin da ke yanke hukunci shi ne zurfin nutsawar ƙarin a cikin nama. Milimita 5 da 10 ne iyakokin matakan cutar, kuma da zarar zurfin ƙarin harshe ya kai wajen milimita 4, a cire kaluluwar wuya ko da hannu bai ji komai ba.

Bayan la'asar aka rufe kwalbar, aka rubuta sa'ar da naman ya shiga formalin. Gobe da asuba za ta bi mota zuwa Yawunde, inda za a gwada naman.