Hannayen da na yanke a karofin Ƙofar Mata

Har yau idan ina lalube a wayata na ci karo da hotunan nan, sai in ji abu ya tokare mini maƙoshi. Guda 47 ne. Ban goge ko ɗaya ba, ban kuma taɓa ɗora ko ɗaya a Facebook ba. A cikinsu duka akwai fuskar wani dattijo marini, ta fito tar, haske ya kwanta mata yadda ake so, idonsa zaune daram a kan mahaɗar layi kamar yadda na haddace. Kuma a cikinsu duka babu hannayensa. Wasu na datse daga wuyan hannu, wasu daga tsakiyar tafi. Ni da kaina na yi wannan aika-aika, ba tare da kowa ya ture ni ba.

Lokacin ina da kusan wata shida da kunna ragar nan ta kyamarar waya, layi biyu a tsaye biyu a kwance, allo ya rabu gida tara. Ka'idar kashi uku, wato ɗora abin da kake ɗauka a kan layukan nan ko inda suka haɗu, ta yi mini rana, ba zan ci amanarta ba. Ita ta raba ni da dasa mutum a tsakiyar hoto kamar mai shirin yin fasfo. Da ita na ɗauki mai shayin bakin layinmu da asuba, shi a gefe, tururin tukunya ya cike sauran wurin. Da ita na gane cewa ɗan ga-ruwa mai tura kurar jarkoki, gabansa ake bar wa fili don ido ya san inda ya nufa. Abokai suka fara cewa hannuna ya faɗa, ni kuma kaina ya fara girma. Na riƙe mahaɗun nan huɗu kamar hadda, har ta kai idan na ɗaga waya, layi nake kallo kafin in kalli mutum.

Ranar wata Asabar ce cikin Janairu, hunturu ya kankama. Wanda yake ɗaukar hoto a Kano ya san alherin hazo: yana tace rana, inuwa ba ta yin kaifi, fuska ba ta rabewa rabi fari rabi baƙi. Na isa Ƙofar Mata wajen ƙarfe 8. A bakin shiga ga allon da aka rubuta 1498, shekarar da ake danganta kafuwar wurin da ita, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ciki kuwa bakunan rijiyoyin rini ne jere a ƙasa, zagaye bayan zagaye, wasu da murfin saƙa mai tsini kamar malafa, da yawa kuma sun mutu, ƙasa da leda sun cike su. Ko makaho aka ba kyamara a wurin nan zai fito da wani abu.

Ban yi gaggawa ba, wannan kam na yi daidai. Na yi sallama, na gaisa da kowa, na sayi ɗan ƙyalle, sannan na tsuguna kusa da dattijon da na ga ya fi kowa shekaru.

"Baba, sannunku da aiki. Ko za ku yarda in ɗauke ku hoto?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wane baban kake nema, na cikin rijiya ko na bakinta?"

Samarin wurin suka kwashe da dariya. Daga nan hira ta ɓarke. Ya gaya mini yadda ake haɗa baba, wato ganyen rini, da toka da kanwa a ruwa, a bar su makonni suna ruɓa kafin karofi ya nuna. Ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba duk da a garin aka haife ni: zane idan ya fito daga rijiya kore-kore yake, sai ya sha iska yake juyewa shuɗi a kan idonka. Shi ya sa marini yake tsomawa ya ɗaga, ya tsoma ya ɗaga, gwargwadon duhun da ake so.

Samarin duk suna sanye da doguwar safar hannu ta roba. Shi ma da ita ya fara. Can sai ya zare ta ya ajiye, ya ce roba ba ta jin zane, shi da yatsa yake gane ko rini ya kama. A nan na ga hannayen. Shuni ya shige ƙarƙashin farce, ya bi kowace tsaga ta fata ya zauna, tafin ya yi wani launi tsakanin baƙi da shuɗi wanda sabulu ya daɗe da sallamawa. Duk shekarun da ya yi a bakin rijiyar nan suna rubuce a wurin. Na gani da idona, har na ce a raina, yau na samu.

Sai na ɗaga waya, ragar ta bayyana, hankalina ya koma kan layi.

Na riƙe wayar a kwance. Na zuƙo shi sau biyu don fuskar ta cika. Na lallaɓa har idonsa ya hau mahaɗar sama ta hagu, na ƙame a haka kamar an dasa ni. Yana ɗaga zane, ruwa yana zuba, kore yana komawa shuɗi, ni kuwa ina ta dannawa, abin da nake tsaro kawai kada idon ya sauka daga mahaɗa. Minti goma ko fiye ban kalli ƙasan allon ba ko sau ɗaya. Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido. Ni garin neman ido na rasa hannu.

Abin haushin, a wurin ma na duba hotunan, na ji daɗi. Fuskar nake dubawa, fuskar kuma ta yi kyau. Na yi godiya, na hau adaidaita sahu ina murmushi ni kaɗai.

Da daddare na kai wa wani maigidana, tsohon mai hoton biki a unguwarmu, wanda ya fara sana'ar tun ana sa fim a kyamara. Na miƙa masa waya ina jiran yabo. Ya shafa, ya shafa, ya shafa, bai ce uffan ba. Sannan ya ɗago.

"Wannan bawan Allah me yake yi?"

"Rini mana, Yaya."

"Da me?"

Na karɓi wayar na duba. Wallahi sai a lokacin na gani. Zane yana rataye a iska, damatsa sun gangaro sun ƙare a bakin hoto kamar an sa almakashi. Ya ce, "Ka je karofi ka ɗauko hoton da za ka iya ɗauka a ƙofar gidansa." Ya ce zamanin da fim ɗaya hoto 36 ne, kowane dannawa kuɗi ne, babu mai taɓa maɓalli sai idonsa ya zagaye kusurwa huɗu ya dawo. Ya ce ko yankewa za a yi, ba a yanke mutum a gaɓa: ban da wuyan hannu, ban da gwiwa, ban da idon sawu, don ido yana karanta shi a matsayin guntulewa.

Bai tsaya nan ba, ya shiga saitin kyamarar ya ƙara mini gishiri a ciwo. Ashe tun ranar da na sayi wayar na mai da fasalin hotonta 16:9, wato faɗi kashi 16 tsayi kashi 9, saboda hoto ya cika allo, ya fi kyan gani. To ƙwayar da ke karɓar haske a yawancin wayoyi 4:3 ce. Idan ka zaɓi 16:9, faɗi ba ya ƙaruwa ko kaɗan, sama da ƙasa wayar take yankewa ta zubar. Hoton da zai zo 4000 a 3000 sai ya koma 4000 a 2250, rubu'in tsayinsa ya tafi, rabi daga sama rabi daga ƙasa. Ɗan abin da aka zubar daga ƙasan nan, a cikinsa yatsun Baba suke a yawancin hotunan. Ga kuma zuƙowar da na yi, wadda a wayata yanka ce kawai ake yi a faɗaɗa. Wato sau biyu na yanke hoton tun kafin in ɗauke shi, ban bar wa kaina komai da zan gyara daga baya ba.

Na ce ba komai, zan koma. Aiki ya riƙe ni, yau da gobe, sai da aka yi mako uku. Da na je, wani saurayi ne zaune a bakin rijiyar. Suka ce ciwon baya ya matsa wa Baba, 'ya'yansa sun hana shi fitowa, yana wajen babban ɗansa a bayan gari. Na sake komawa sau biyu, shiru. Na ɗauki samarin, sun ba ni haɗin kai, hotunan ba laifi. Amma hannu cikin baƙar roba hannun kowa ne.

Tun daga nan yadda nake ɗaukar hoto ya canza, kuma ba don na ƙaru da wata sabuwar ka'ida ba, tsoro ne kawai. Kafin in ɗaga waya sai na tambayi kaina abin da ya tsayar da ni a wurin. In mai ƙosai ce, wataƙila matsamin da ke tsamo ƙosai daga mai ne. In mai gyaran takalmi ne, allura da zaren da ya ciza a baki. Abin nan shi zai fara samun wuri a hoto, sauran su biyo baya, ko layi ya so ko ya ƙi. Wayata ta koma 4:3 ba ta sake motsawa ba. Zuƙowa kuwa da ƙafa nake yi. Kuma duk abin da ya burge ni sai na ɗauke shi daga nesa tukuna, wurin gaba ɗaya, sannan in matso, sannan in juya wayar a tsaye in sake. Da na juya ta a tsaye sau ɗaya tak a ranar nan, daƙiƙa biyu, da wannan rubutun bai taso ba.

Duban gefen nan ya tona mini wasu asirai da na daɗe ina aikatawa. Na koma tsofaffin hotunana sai ga turken lantarki ya tsiro daga hular mai shayi. Ga rawayar adaidaita a kusurwa ta sace ido daga fuskar mai lemo, don a titin Kano babu launin da ke iya gasa da rawayar nan, ko ka jira ta wuce ko ka sa ta zama ita ce maganar. Ga baƙar leda a ƙasan kusan kowane hoto. Taku ɗaya zuwa hagu, ko ɗan tsugunawa, ya isa ya kawar da yawancinsu.

Ragar tana nan a kunne, amma yanzu na fi amfani da ita wajen daidaita gini kada ya karkace. Wuri irin ƙofar Gidan Makama, da aka gina dama da hagu su yi daidai, a tsakiya nake sa shi, ka'idar kashi uku ta yi haƙuri. A lungunan cikin gari wajen Kurmi, katangun da kansu suke jan ido zuwa ƙurya, aikinka ka tsaya ka jira wani ya shigo inda suka haɗu, mai keke ko yaro da tire. Daga cikin zaure kuma, bakin ƙofa yana zame maka firam, duhu a kewaye, haske a waje. Sai dai a kula da farar riga: waya tana ganin farin sai ta rage haske, fuskar mai rigar ta dushe. Taɓa fuskar a allo kafin ka danna. Tsakar rana kuwa na daina wahalar da kaina, hula tana jefa inuwa a ido, kowa ya fito kamar mai jin haushi. Hantsi ko bayan la'asar.

Wani abu da ba na sassauci a kai shi ne neman izini. Ina ganin masu ɗaga waya a kan almajirai ko matan mutane a kasuwa kamar sun ga tsuntsu a bishiya, abin yana ƙona mini rai. Zaman da na yi da Baba kafin in fito da waya shi ya sa ya zare safar nan. Damar ta samu ta hanyar da ta dace, ni ne na yi wasa da ita.

A komawata ta ƙarshe na leƙa wajen masu bugu, inda ake shimfiɗa rinannen zane a kan gungume ana dukansa da sandunan itace masu nauyi har ya yi sheƙi. Na tsuguna na ɗauki hannaye huɗu da sanduna biyu a sama, babu kan kowa a ciki, da gangan. Maigidana ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "To." A bakinsa wannan lambar yabo ce. Na ji daɗi, amma daɗin bai kai ƙasa ba.

Cikin 47 ɗin nan na zaɓi wanda fuskar ta fi kyau, na kai aka wanke mini shi babba, na ba saurayin nan ya kai wa Baba. Bayan kwana biyu ya kira ni yana dariya. Ya ce Baba ya gode, ya sa albarka, an rataye hoton a ɗaki. Ya ce kuma a tambaye ni, da ya zare mini safa, me na tsaya kallo?